Goma Ta Shiga

A Paso de los Toros, inda kogi ke lanƙwasa,
asibitinmu na dabbobi ɗaki uku ne da rumfa.
Ni ce mai miƙa almakashi, mai wanke tebur,
Zulma, wadda babu sunanta a allon ƙofa.

Karyar tsoho Aparicio, mai kora masa tumaki,
mun yi mata tiyata ranar Talata,
ta farka tana kaɗa bindi.
Kwana tara aka dawo da ita a bayan akori-kura,
ciki ya kumbura, hanci ya bushe.
Da muka sake buɗewa, ga dunƙulen auduga guda.
Tamu ce. Mu muka ɗinke da ita a ciki.
Ba ta kai asuba ba.
Tsohon bai ce uffan ba,
ya kwance igiyar wuyanta,
ya cusa a aljihu, ya tafi.

Ranar Alhamis Dakta Nélida ta rufe ƙofa da wuri.
Ƙoƙon mate na zagayawa, bututu ɗaya, baki huɗu.
Ta ce, "Ban tara ku don in ji ko waye ba,
so nake in ji ta yaya.
Ramin da ya karya ƙafa,
korar mai ƙafar ba ta cike shi."

Sai muka bi sawun ranar
kamar masu cigiyar ɗan rago a dawa:
wayar da ta yi ƙara ana tsakiyar ɗinki,
ƙunshin auduga iri biyu a durowa ɗaya,
wani goma, wani sha biyu,
kowa na zaton ɗan'uwansa ya ƙirga.
Da ƙoƙon ya iso hannuna na kasa zuƙa.
Na ce, "Ni ce na fita amsa wayar."
Ta ce, "To wa ya girka waya a bakin ɗakin tiyata?
Ni ce. Sha ki miƙa gaba."

Dakta Heber ya shafa gashin baki:
"Shekara talatin ina yanka ina ɗinkewa,
babu takardar da ta taɓa riƙe min allura."
Mun dai manna takardar, layi shida, kusa da famfo.
Waya ta koma gaban kanta.
Kafin zare ya shiga fata sai na ɗaga murya:
goma ta shiga, goma ta fita.
Makon farko kunya nake ji,
kamar 'yar aji ɗaya mai haddar lissafi.

Muka buɗe littafi mai baƙin bango.
Cikin aiki arba'in, rauni bakwai ya yi ruwa.
Muka daina aske gashi tun dare, muka canza sabulu,
bakwai ta koma uku.
Wata na gaba ta hau biyar, ba mu san dalili ba.
Nélida ta rubuta biyar ɗin yadda take,
ba ta yi mata kwalliya ba.

Wata safiya ta sanyin Yuli,
tunkiya a kan tebur, Heber ya zura zare,
na ƙirga: tara.
Na sake: tara.
Ya harare ni, ya ja tsaki, ya ajiye allurar.
Ya mai da yatsu biyu ciki, ya lalubo,
ya ɗago ta ja jawur, ya jefa a kwano.
Bai dube ni ba. "Goma," in ji shi.
Tun ranar shi ke tambaya in na yi shiru.

Bara Aparicio ya dawo da 'yar kwikwiya a cikin bargo,
tsohuwar igiyar ta yi mata yawa, ya ƙara ƙulli.
Ya zauna a benci, hula a gwiwa.
Bangonmu ba shi da kauri.
Na ƙirga a hankali, ɗaya bayan ɗaya,
da ƙarfin da zai kai benci.