Ƙidayar Yamma

Garinmu bai kai a ɗiga shi a taswira ba.
Gida arba'in da ɗaya, in an haɗa da na Rebia
wanda guguwar bara ta yaye wa jinka,
ya ce taurari sun fi ciyawa daɗin kallo,
har yau bai gyara ba.

Ankilimena ake ce mana,
don tsamiyar nan mai jan gindi a bakin rairayi.
A inuwarta ake ɗinkin koma, ake raba faɗa,
a nan ake ƙulla wani.

Gabanmu teku, bayanmu ƙaya.
Kukoki uku, ƙosassu kamar randuna,
sai rijiya ɗaya mai zartsi.
Baƙo ya kurɓa ya yamutsa fuska.
Mu kuwa in muka je Tuliyar
ruwan famfonsu lami muke jin sa,
kamar miyar da aka manta da ita.

Tun duhu bai saki ƙasa ba
maza ke tura kwalekwale,
kowanne da gungumensa ɗaure a gefe,
ƙanen da ke hana yayansa kifewa.
Filafilan duk buhunan shinkafa ne aka harhaɗa.
Idona ya yi hazo, ba na gane fuska,
amma faci ba ya ɓoye mini mai shi:
shuɗi a kusurwa, na Tsiraiky ne,
mai rubutu a kife, na 'ya'yan Kamisy.

In teku ta tattare zanenta ta ja baya
sai mata su bi ta da tsinken ƙarfe,
fuska shafe da garin itace, rawaya jawur,
suna zaƙulo mai hannu takwas daga kogonsa.
Shekara hamsin na yi ina wannan,
duwatsun sun san tafin ƙafata.
Ran Alhamis mota ke zuwa da ƙanƙara da sikeli.
Sikelin nan bai taɓa yarda
da nauyin da wuyana ya ɗauko ba.

Makarantarmu ɗaki ɗaya ce.
Malama Soavelo na buga tsohon gammon mota,
yara su taru,
ruwa na janyewa su watse,
a bar ta da alli da akuyar maƙwabta.

Can kan tudun yashi makabarta take.
Namiji a kafa masa matuƙinsa a kai.
Na Tsimanova ma yana nan a tsaye,
amma babu kowa a ƙarƙashinsa.
Teku ta ara, ba ta mayar ba.

Shi ya sa nake ƙidaya.
Sha tara suka fita yau.
Rana ta yi ja, iskar kudu ta taso da hushinta,
ɗaya, biyu, bakwai tare,
yara na ta ihu suna jan igiya,
hayaƙin kifi ya soma kwanciya kan gari.
Sha shida. Sha bakwai.
Sha takwas.

Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen,
wai ko lissafi zai ji kunyata.

Rediyon Rebia na ta surutu shi kaɗai.
Soavelo ta zo ta zauna, ba ta ce komai ba.
Aka kunna fitilar sola aka rataye a tsamiya.
Ƙaguwoyi suka fito suna gudu a karkace
kan sawun da ruwa bai kai ga shafewa ba.

Sai da wata ya taka mashi guda
wani abu ya ɓullo, a gurguje,
filafili a yage, an toshe da jar riga.
Na san rigar. Ni na ɗinke mata wuya.

Manjaka ya diro, ƙirji a waje, haƙora na kaɗawa,
yana dariya, wai kaka, kin ga girman kifin?

Ban duba kifin ba.
Na ce sha tara,
na tashi na hura wutar rogo.