Milimita Uku

A El Alto, inda numfashi ke tsada,
garejina na bakin gangara.
Daga nan hanya ke sulalewa zuwa La Paz
kamar igiyar guga da ta kuɓuce wa hannu.

Babana, Saturnino Limachi, a nan ya tsufa.
Yakan cire gangar birki, ya kumbura kumatu,
ya hure ƙurar,
ta tashi fari fat, ta sauka a gashin bakinsa,
ya yi dariya.
Takalmin asbesto, in ji shi, ba ya tsoron wuta.
Gaskiyarsa.
Bai kuma raga wa huhu ba.
Shekara ashirin yana ajiyar da bai san da ita ba,
sai tari ya zo karɓa.

Wanda nake ɗaurawa yanzu babu wancan farin zare.
Zaren ƙarfe ne, da roba, da ƙaro,
da garin ɓawon yazawa, an matse, an gasa.
Kowanne da halinsa:
wani da sanyin asuba ya yi ta kuka
kamar ƙyauren da ya manta da mai,
wani ya cinye faranti ya bar kansa,
wani kuwa in ya sha zafi a lanƙwasa ta tara
sai ya saki,
ƙafa na ƙasa, mota na tafiya.
Wannan na mayar wa dillali har da kwalinsa.

Jiya Eleuterio ya kawo bas ɗinsa mai cin mutum sha huɗu.
Na sa ma'auni. Milimita uku.
Ya ce, "Fortunata, bar shi ya kai ƙarshen wata."
Na ce, "Ƙarfe ɗaya ba ya amo.
Ranar da ka ji amon, biyun sun haɗu ke nan,
gangara kuma ba ta san ƙarshen wata ba."
Ya shafa aljihu, ya dubi sama.
Na buɗe littafin bashi.

Ina ƙaunar abin nan da ba mai ganinsa.
Ba a masa fenti, ba a rataya masa ado,
yana can bayan taya cikin laka da zafi,
yana ƙarewa kaɗan-kaɗan
don wata mai tallan dankali ta isa gida.

Da yamma nakan jiƙa tsumma in share ƙurar.
Ba na hurewa.
Ɗiyata na aikin makaranta a kan tsohuwar taya,
tana numfashi,
ina saurare.