Shaida Biyu

Daren Asabar, a dandalin Samaru,
na fito a mai shaida.
Na nuna ubangidana da yatsa: "Shi ne!"
Aka yi ta tafi.
Bayan labule muka raba tsire da shi.

Ran Talata, gaban alƙali:
"Wa ya matsar da dutsen iyaka?"
Yaya Jatau, da ya sayar da kekensa
ya biya mini jarrabawa,
yana kallon takalminsa.
Ni na riƙe masa tocila a daren.

Na ce, "Akwai duhu, ranka ya daɗe."
Tsohuwa mai gonar ta gyara mayafi, ta fita.
Babu wanda ya tafa.

A Ƙofar Doka ya saya mini rake.
Har Tudun Wada yana hannuna,
ban sha ba,
ban yar ba.