Bashin Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya babana Mumuni na tuƙa tifa.
Kafin ladanin Aboabo ya gyara murya yakan bar gida,
ya nufi bayan Abuakwa, inda kwalta ke sallama da mutum,
ya je wofi, ya dawo da yashi har yana zuba a hanya.
Rabin benayen Asawase, in ka ƙwanƙwasa bangonsu,
guminsa ne zai amsa.

Da kuɗin yashi aka saya mini fensir,
da kuɗin tsakuwa na haye jami'a.
Sai ga ni da igiyar awo da takalmin roba,
an turo ni in auna ramin da ya ciyar da ni.

Ban san ya kai haka ba.
Baki a buɗe, kamar wanda aka zare wa haƙora,
koren ruwa kwance a ciki, sauro na walima,
gaɓa ta tsaya cak, tsayin mutum huɗu.
Maame Afrakoma, mai gonar da ke gefe,
ta ja hannuna, ba ta ce uffan ba:
ga bishiyoyin koko bakwai, saiwarsu na reto a iska,
ga inda akuyarta ta zame bara,
ga sandar da take korar jikokinta da ita
duk ranar da suka ce za su yi iyo.

Daren nan na shimfiɗa takarda a tabarmar Baba.
Na ce kafin a taɓa yashi a yaye baƙar ƙasar sama,
a tara ta gefe, a lulluɓe da ciyawa,
uwar gona ce, ba shara ba.
A daina cin fili gaba ɗaya kamar fara ta sauka;
a ci yanki, a rufe, sannan a matsa.
Gaɓar nan a kwantar da ita
yadda tsohuwa za ta sauka ba a riƙe ta ba.
Kuma duk tifar da ta fita ta bar 'yan sidi a asusu,
ba mai taɓa su sai ranar cike rami.

Baba ya daɗe yana juya goro a baki.
Ya ce, "Asibi, na ga an biya bashin kuɗi,
na ga an mayar da aron gatari.
Ban taɓa ganin wanda ya mayar wa ƙasa ƙasa ba."
Na ce, "Don ba ta da ƙafar zuwa kotu ne."
Ya yi dariya, ya kashe fitila.

Wata biyar ina yawo da takardar:
ofis, fadar Nana, rumfar direbobi.
Wani ya ce boko ya hau mini kai,
wani ya ce jema da gora ba sa sayen dizal.
Sa hannu uku na samu cikin tara.
To, da ukun muka fara.

Wata Talata, damina na bakin ƙofa,
muna dasa jema a gaɓar da aka kwantar,
sai na ji kukan injin da na sani tun ina goye.
Tsohuwar tifa ce, tana tahowa da baya,
maƙare da ƙasar da aka tono daga harsashin wani gini a Kwadaso.
Ta ɗaga, ta juye.
Baba ya sauko a hankali, gwiwa na ƙara,
ya ce, "Yau na zo da kaya, zan koma wofi.
Motar ma ta rikice."

Ramin bai ko san an zuba masa komai ba.
Na lissafa a zuci: saura tifa dubu biyu da wani abu.
Maame Afrakoma ta tsuguna, ta damƙi ƙasar, ta sansana,
ta ce wannan ja ce, koko ba zai yarda ba,
amma rogo zai yi haƙuri da ita.
Ta cusa kara ɗaya,
ta danne da diddige.