Tsibirin Bayan Gidanmu

A bayan gidanmu, gabas da masallacin unguwa,
Akwai kududdufi, baƙin ruwa mai kainuwa.
Kakanni suka haƙa shi, suka kai ƙasar ganuwa,
Suka bar tudu guda a tsakiya ba su taɓa ba.
Shi muke kira tsibiri.

Giginya ɗaya ce a kansa, ta karkace,
Sai balbelu, da wani kwanon sha da ya lotse.
Taku ashirin ka kewaye shi,
Amma ya fi kasuwar Kurmi yawan labari.

Baba Nomau wanzami, yana wasa aska a tafi,
Ya ce, "Nan Jatau Mai Gora ya ci zamaninsa.
Su bakwai ne, ba su da ko kwalekwale,
Gora kowa ke runguma, wuƙa a baki.
In ayari ya sauka, fatake suka yi barci,
Su kwashe goro da kanwa da turkuɗi,
Su faɗa ruwa tsulum kamar kwaɗi.
Dogarai su zo gaɓa su yi cirko-cirko.
Babbar riga ba ta iyo, yaro,
Sai jifa da zagi da kurari."

Iya Ladidi mai daddawa ta ce ƙarya yake.
"Ɓarawon agwagi ne, kakata ta san shi,
Gajere, mai tari, ko akuya ba ya iya ɗauka."
Sai kuma ta waiga, ta rage murya:
"Ku dai kada ku je wajen da almuru,
Tulunsa na nan binne, cike da wuri."

Wata Juma'a, manya sun tafi masallaci,
Ni da Ilu da Barau muka sato fartanya,
Muka hau tsohuwar taya, muna tuƙi da faifai.
Barau na kuka tun kafin mu yi nisa.
Muka haƙa gindin giginya har hannu ya yi kanta:
Tsingaro, muƙamuƙin jaki, tsatsar wani kwado,
Can ƙasa kuma, guda uku farare,
Kowa ɗaya, ba faɗa, ba ƙari.

Tsumagiyar da na sha a daren ba ta faɗuwa,
Ga ƙaiƙayin ruwa har mako biyu.
Ban saki nawa ba, yana cikin kumatuna,
Ko da ana tambaya, ban fasa sirri.

Yau an cike kududdufin da bola, an yanka filoti.
Inda giginya take, wani na cajin waya.
Ilu na Fatakwal, Barau ya riga mu.
Amma duk Agusta ruwa na dawowa,
Ya shiga shaguna har gwiwa yana neman gidansa,
Masu kanti na tsine wa hadari.

Jiya 'yata Hanne ta gan shi a aljihun tebur,
Ta ce malaminsu ya ce daga teku ake kawo shi,
Daga wasu ƙananan tsibirai masu kwakwa,
Ya hau jirgi, ya hau raƙumi, kafin ya iso Kano.
Na karɓa na juya shi a tafina.
Ashe kai ma baƙo ne, ɗan tsibiri.
Ta ce, "Baba, da gaske an yi Jatau?"
Na ce, "Jawo tabarma, Hanne.
Su bakwai ne, da fari."