Yatsu Goma na Haya

(Edna Thackray, mai buga tafireta, Landan, Satumban 1938)

Ni ba jakadiya ba ce, ba a neman shawarata.
Yatsu goma kawai gwamnati ta haya a wurina,
ta ba ni kujera mai gajeruwar ƙafa
a ɗaki na uku daga ƙarshen baranda.

Takarda ta sauko daga bene, tawada ba ta bushe ba:
"Gwamnatin Mai Martaba tana nazarin lamarin."
Na buga.
Na buga ta a kan Habasha, na buga ta a kan Sifen,
har haruffan suka suɗe kamar tsohon kwabo.

Ta taga ina jin karar shebur.
Ana haƙa ramuka a lambun da muke jefa wa agwagi burodi.
An raba mana takunkumin roba mai warin taya,
wai saboda iskar guba.
Nawa yana rataye a ƙusa ɗaya da laimata.

Cyril ƙanena ya san wannan warin kafin ni.
Ya tafi Faransa da sabon takalmi yana ƙara,
abin da ya dawo gida: agogon aljihu da ya tsaya
da wasiƙa mai layi huɗu.
Ita ma da tafireta aka buga ta.
Wata kamata ce ta buga, ta zare takarda,
ta tafi shan shayi.

Saboda haka kada wani ya ce ban so sulhu ba.
Na so shi, so irin na mai ƙishirwa,
wanda ba ya tambayar rijiyar wa aka fasa.

Ƙarfe biyun dare Mista Pomfret ya shigo,
ƙaramin sakatare, mura ta toshe masa hanci,
taswira a hammata, jan fensir a bayan kunne.
Ya ɗora yatsa a kan wani gari,
suna mai cunkoson baƙaƙe, wasali ɗaya tak.
Ya gwada sau biyu, harshe ya ƙi.
Ya ce, "Kwafe shi yadda yake."
Ya kasa furta sunan garin da ake kyautarwa.
Kyauta da kayan wani ba ta da nauyi a hannu,
ƙasa guda ta shige ambulan, ko kumbura bai yi ba.

Su masu ƙasar?
Na ji an ce suna wani ɗaki, ana jira a gama a kira su.

Washegari gari ya ɗauka.
Huluna a sama, ƙararrawar coci, mai jarida ya dishe.
Wata da ban sani ba ta rungume ni a bakin bas,
na rungume ta, har da hawaye, ba zan ɓoye ba.

A ƙasan benenmu akwai mai gyaran agogo,
Bohumil Sedlak, shekara tara muna gaisawa.
Uwarsa tana can, hagu da jan layin ko dama,
ni na sani, shi bai sani ba tukuna,
kuma na yi rantsuwa a ofis bakina ƙulle yake.
Bai tambaye ni ba.
Bai zagi Jamus ba, ko sau ɗaya.
Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.

Ya tura mini agogon Cyril a kan teburi.
Ya ce, "Yana tafiya yanzu. Sule biyu."
Da can ba ya karɓar kuɗina.

Na hau bene da agogon yana bugawa a tafina.
Na cire takalmi, na ɗora ruwan zafi.
Maƙwabciya ta leƙo ta ce ta jefa takunkuminta a shara,
ni fa?
Na ce tukuna, ƙusar ba ta gaji ba.