Talotalon Madam Terez

Ranar jajiberin Kirsimeti, da hantsi,
Madam Terez ta tsallako kwatar da ta raba gidajenmu
rungume da talotalo kamar jinjiri mai rigima.
"Ilu ya yanka min," in ji ta, "da bisimillarku,
don kada gobe wani ya ce da ni ya ƙoshi."

Wata tara tana ba shi dusa da ƙanzo.
Duk unguwar Yalwa ta san muryarsa:
ya kori akuyata, ya kori mai karɓar kuɗin wuta,
yau ga shi a tsirara cikin tire,
ƙirji ya fi na ɗan dambe,
amma nama busasshe, in ba a lallashe shi ba.

Lallashin ni na gada.
Babana kuku ne a gidan manyan kamfanin auduga,
bai bar mana fili ba, bai bar saniya ba,
ya bar mini ƙwai guda da wannan magana:
zuba gishiri a ruwa, ki dama, ki saka ƙwan,
in ya nutse ki ƙara,
in ya ɗago kai kamar dorina a Binuwai
to, cire hannunki.

Na tafasa citta da kanumfari,
masoro, kimba biyu da na fasa da gindin ludayi,
tafarnuwa, ɓawon lemo, sukari cikin tafi.
Muka jira ya huce.
Terez ba ta iya jira ba,
tana ta duba waya.
Jawyang ya taso daga Yawunde tun jiya,
shekara huɗu rabonta da ganin ƙeyarsa,
jirgin ƙasa ya sauke shi Ngaundare,
sauran tafiya sai yadda mota ta ga dama.

Bakin randa ya ƙi karɓar baƙon.
Muka wanke bahon wanki sau uku,
muka kwantar da shi, ya taso,
muka danne, ya sake tasowa.
Ko a mace bai daina gardama ba.
Sai da na ɗora masa ɗan dutsen niƙa.

Da magariba aka ɗauke wuta,
kamar mai karɓar kuɗin yana ramuwa.
Garwa ba ta wasa da ɗanyen nama ko a watan sanyi.
Ilu ya hau babur zuwa wajen masu kifi a gindin gada,
ya dawo da ƙanƙara ta dala ɗari biyu cikin buhu,
tana ɗiga a bayansa tun daga kasuwa.

Ta tafi cocin dare. Ni ke gadi.
Ba abin da ake gani a bahon,
ruwa ne kawai, da kanumfari na yawo.
Babana ya ce da fari gishiri ƙwace yake yi,
ya zuƙe abin da naman ya riƙe,
can cikin dare, ba mai kallo,
sai ya mayar masa har da riba.
Wanda ya ɗaga da wuri ya ci asara,
wanda ya makara ya ci gishiri.

Ta dawo da ƙarfe ɗaya, takalmi a hannu.
Motar ta lalace a Mbe.
Ba ta ce komai ba, ta tsuguna,
ta tsoma yatsa, ta ɗanɗana, ta ɓata fuska.
"Haka zai zama?"
Na ce a'a, wannan ruwan zubarwa ne.

Kiran asalatu muka tsamo shi,
muka ɗauraye, muka tsane shi da sabon zane.
Gidan burodin Wasili sun ce tanda ta tamu ce daga tara.
Mun ɗauki tiren, ita gaba ni baya,
wayarta na ƙara cikin ɗaurin zani,
ba hannun ɗauka.

"Bar shi ya yi ta kira," in ji ta.
"In dai yana kira, yana hanya."